Takano Sasaburo: Malamin da ya fitar da takobin Japan daga gidan gado zuwa ajin makaranta

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1950, a garin Kamakura da ke bakin teku kudu da Tokyo, wani dattijo mai shekara 88 ya cika. Sunansa Takano Sasaburo. A zamaninsa, idan ana lissafin malaman takobi na gabashin Japan, da sunansa ake farawa. Ya rasu a lokacin da aka hana koyar da fasahar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta a makarantun ƙasar, aka kuma rushe babbar ƙungiyar da ta ba shi lambar girma mafi ɗaukaka. Saura ƙasa da shekara biyu a kafa hukumar da ke riƙe da ragamar wasan a yau, amma rai bai kai shi ba.

Mai son sanin yadda ake tafiyar da fasahohin takobi na Japan, wato wa ke tsara darasi, wa ke ba da shaida, wa ke da ikon cewa wane ya ƙware, zai sami amsa a cikin rayuwar wannan mutum. An haife shi a lokacin da ilmin takobi yake dukiyar gida, ana gadonsa ana kuma ɓoyonsa. Ya bar shi ya zama ilmin ƙasa mai manhaja ɗaya. Yana cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura da hannunsu, kuma ya yi tsawon ran da ya ga ribarta, ya ga asararta.

Gidan da ya tashi

An haifi Takano a shekarar 1862 a Chichibu, wani yanki mai tsaunuka a tsohon lardin Musashi, wanda a yau yake cikin jihar Saitama. A lokacin Japan tana ƙarƙashin gidan Tokugawa, shugabannin mulkin soja na gado da ake kira shogun, waɗanda suka riƙe ƙasar tun 1603 yayin da Sarkin Japan yake zaune a Kyoto ba shi da iko a hannu. An kasa ƙasar zuwa masarautu fiye da 250, kowace da uban ƙasarta da mayaƙanta na gado, wato samurai. Su kaɗai doka ta yarje wa rataya takubba biyu, dogo da gajere.

Babu wata hukuma ta ƙasa da ke kula da koyar da takobi a wancan zamani. Abin da ake da shi shi ne ɗaruruwan gidajen koyo masu zaman kansu, waɗanda ake kira ryu. Kowane gida yana da wanda ya assasa shi, da salonsa, da asiransa, da salsalar malamansa. Almajiri kan shiga ne bayan ya rubuta rantsuwa cewa ba zai bayyana abin da aka koya masa ga bare ba, sau da yawa ya hatimce takardar da jinin yatsansa. Idan ya yi nisa, malami ya ba shi naɗaɗɗiyar takarda mai jerin dabarun da ya haddace. Idan ya ƙara nisa, a ba shi ijazar koyarwa. Ƙalilan ne ke kaiwa ga ijaza ta ƙarshe, wadda ke nufin an juye wa mutum ilmin gidan baki ɗaya. Shugabancin gida kuwa yakan gangara daga uba zuwa ɗa, ko zuwa wani almajiri da aka ɗauka a matsayin ɗa. Hukuncin shugaban gida shi ne ƙarshe, babu inda ake ɗaukaka ƙara.

Gidan su Takano reshe ne na Itto-ryu, wanda Ito Ittosai ya kafa a ƙarshen ƙarni na 16. Magajinsa Ono Tadaaki ya zama malamin takobi a gidan Tokugawa kansa. Daga wannan tushe reshen Nakanishi ya fito a birnin Edo, Tokyo ta yau, kuma a tsakiyar ƙarni na 18 reshen ya shahara da wani abu da ya sauya koyon takobi: amfani da takobin gora da sulken kariya. Kafin haka, akasarin horo ana yin sa ne da takobin katako bisa tsararrun salo da ake kira kata, inda mutum biyu ke maimaita sara da kariya da aka riga aka tsara. Da gora da kwalkwali da safar hannu mai kauri suka shigo, sai almajirai suka sami damar kai wa juna sara da dukkan ƙarfinsu ba tare da an yi kisa ba.

Kakan Takano, Mitsumasa, ya yi karatu a wannan reshe na Nakanishi, kuma shi ke koyar da takobi a Chichibu a madadin masarautar Oshi. Shi ya ɗauki jikan tun yana ɗan ƙanƙane. Ana ba da labarin cewa yakan watsa waken soya a daɓen ɗakin horo don yaron ya koyi tsayuwa a kan santsi, ya shigar da shi kogi ruwa iya gwiwa, ya kuma ɗaure masa idanu don ya koyi jin motsin abokin karawa. Yana ɗan shekara biyar ya nuna salo 56 na gidan a gaban uban ƙasar Oshi, wanda ya yi masa kyautar gajeren takobi. Da duniya ta tsaya yadda take, da hanyarsa a shimfiɗe take: ya gaji kakansa, ya ci albashin masarauta, ya miƙa wa ɗansa.

Lokacin da kiɗa ya canza

Duniyar ba ta tsaya ba. A 1868, Takano yana shekara shida, mulkin Tokugawa ya faɗi aka mayar da iko da sunan Sarki Meiji. A 1871 aka soke masarautun, a 1873 aka kawo dokar ɗaukar soja daga kowane gida ba tare da duba asali ba, a 1876 kuma aka hana rataya takobi a bainar jama'a sai ga soja da 'yan sanda da masu kayan sarauta a ranakun biki. A shekarar ce kuma aka mayar da albashin gado na samurai zuwa takardun lamuni na gwamnati. Cikin shekara takwas, iyayen gidan da ke ciyar da malaman takobi sun gushe, kuma sabuwar gwamnati tana kallon fasahar a matsayin tarkacen zamanin da ya wuce.

Malamai da dama suka rufe ɗakunan horo suka kama noma ko ƙaramin ciniki. Wani babban malami, Sakakibara Kenkichi, ya ɓullo da hanyar neman abinci a 1873: ya shirya wasannin takobin gora a unguwar Asakusa ta Tokyo, jama'a suna biyan kuɗin shiga suna kallo kamar yadda suke kallon kokawar sumo. Wasu sun ga haka a matsayin zubar da mutunci, amma ya hana fasahar mutuwa a shekarun da babu mai nemanta.

Mafita ta ainihi ta zo daga inda ba a zata ba. A 1877, lokacin tawayen Satsuma da Saigo Takamori ya jagoranta, gwamnati ta tura wata runduna ta 'yan sanda masu takubba, waɗanda suka yi fice a gumurzun Tabaruzaka. Shugaban 'yan sandan Tokyo, Kawaji Toshiyoshi, ya gamsu cewa horon takobi yana da amfani ga jami'ansa, kuma daga 1879 rundunar ta fara ɗaukar malamai aiki. Wannan ne karo na farko da wata hukuma ta sabuwar ƙasa ta tara malaman gidaje daban-daban a inuwa ɗaya tana biyan su albashi.

Kayen da ya kai shi Tokyo

A wannan shekara ta 1879 Takano, yana ɗan 17, ya wakilci kakansa a wata gasa ta yankin. Ya riga ya yi suna a tsaunukan Chichibu, kuma ya shiga fili da yarda da kai irin ta samari. Aka haɗa shi da Okada Sadagoro, tsohon malamin takobi na masarautar Annaka, wanda ya girme shi nesa. Okada ya yi ta sukar sa a maƙogwaro da bakin gora har jini ya ɓata masa tufa, ya faɗi a sume a gaban jama'a.

Kunya ta hana shi zama a gida. Ya tafi Tokyo da niyyar neman ilmin da zai rama da shi, har ya isa wurin Yamaoka Tesshu. Yamaoka babban mutum ne a lokacin: shi aka aika wurin Saigo a 1868 don share fagen miƙa birnin Edo ba tare da yaƙi ba, daga baya ya yi shekara goma yana hidima a fadar Sarki Meiji, kuma ya haɗa takobi da zuhudun addinin Buddha na Zen da rubutun hannu. Horon gidansa ya yi ƙaurin suna wajen tsanani. Bayan 'yan watanni, malamin ya fahimci abin da ke cin saurayin, ya umarce shi da ya je ya nemi Okada. Takano ya je, amma Okada ya ba shi haƙuri ya ƙi karawa. Haka maganar ta mutu ba a zubar da jini ba.

Abin da ya tsira da shi daga wannan tafiya ya fi ramuwa amfani. Ya gane cewa ilmin gidansu, duk da zurfinsa, ɗaya ne cikin da yawa, kuma mutum ba ya sanin matsayinsa sai ya haɗa gora da 'ya'yan wasu gidaje. Bayan rasuwar kakansa ya koma Chichibu na ɗan lokaci, sannan a 1886, da shawarar Yamaoka, ya shiga rundunar 'yan sandan Tokyo a matsayin mai koyar da takobi. Nan ya yi fice tare da wasu samari biyu, Takahashi Kyutaro da Kawasaki Zenzaburo.

A rundunar ne ya fara ganin matsalar da za ta bi shi har tsufa. Malamai daga gidaje daban-daban suna koyar da kurata ɗaya, kowa da sunan da yake kiran tsayuwa da sara, kowa kuma yana ganin nasa ne daidai. Maganin da 'yan sanda suka samo a 1886 shi ne su ɗauki salo guda daga kowane ɗaya cikin gidaje goma su jera. An sami zaman lafiya tsakanin malamai, amma abin da ya fito ɗinki ne na ƙyallaye goma, bai zama riga ɗaya ba.

A 1888 Takano ya koma Saitama yana koyar da 'yan sandan jihar, ya kuma buɗe makarantarsa mai suna Meishinkan a garin Urawa. Ƙofarta a buɗe take ga ɗan manomi da ɗan ɗan kasuwa, kuma ta yi rassa da dama a yankin Kanto.

Ƙungiyar Kyoto

A 1895, shekarar da Japan ta ci Sin da yaƙi kuma Kyoto take bikin cika shekara 1,100 da kafuwa, aka kafa ƙungiyar Dai Nippon Butokukai a birnin, da wani yarima na gidan sarauta, Komatsu Akihito, a matsayin uban ƙungiya. A takarda ƙungiya ce mai zaman kanta. A aikace kuwa gwamnonin jihohi ne shugabannin rassanta, 'yan sanda ne ke tara mata membobi da gudummawa, har membobin suka haura miliyan ɗaya kafin 1910. A 1899 ta kammala babban zaurenta, Butokuden, kusa da wurin ibada na Heian, inda malamai daga ko'ina suke haɗuwa duk shekara.

Babban abin da ƙungiyar ta kawo shi ne ma'auni na bai ɗaya. A 1902 ta ƙirƙiro lambobin girma biyu, kyoshi ga ƙwararren malami, hanshi kuma ga wanda ya kai a yi koyi da shi. Daga baya, a 1934, aka ƙara renshi a ƙasa da su. Da wannan, ikon tantance gwani ya fara zamewa daga hannun shugaban gida zuwa hannun kwamiti. Ijazar da malami ya ba almajirinsa tana nan da darajarta a cikin gida, amma mai neman aikin koyarwa a wata jiha yana buƙatar shaidar da kowa ya sani. Takano ya sami kyoshi a 1905. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta buɗe makarantar horar da malamai a Kyoto, wadda Naito Takaharu, sa'ansa ɗan garin Mito, ya zama jigonta.

Yadda za a koyar da aji guda

Ƙofar da ta fi wuyar buɗewa ita ce ta makarantun gwamnati. Tun a 1884 wani bincike da Ma'aikatar Ilmi ta sa aka yi ya yanke cewa wasan takobi bai dace da manhaja ba, saboda haɗarinsa ga yara, da tsadar kayansa, da wahalar koyar da shi ga ɗalibai masu yawa a lokaci guda. Hujja ta ƙarshen nan gaskiya ce. A tsohon tsari malami yana fuskantar almajiri ɗaya ne, shekara da shekaru, babu ƙararrawa babu zangon karatu.

A 1908 Takano ya fara koyarwa a Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokyo, wadda Jami'ar Tsukuba ta yau ta samo asali daga gare ta. Shugaban kwalejin shi ne Kano Jigoro, wanda ya kafa judo a 1882 ta hanyar tace tsoffin gidajen kokawa zuwa tsari ɗaya mai matakai. Aikin da ke gaban Takano irin wannan ne, sai dai shi ba sabon gida aka ce ya kafa ba. An ce ya samar da hanyar da malamin sakandare zai bi ya koyar da yara arba'in ko hamsin cikin sa'a guda.

Ya tsara horo na jeri, inda ɗalibai ke tsayawa sahu-sahu suna bin umarni: yadda ake riƙe gora, yadda ake taku, yadda ake sara a ka, a wuyan hannu, a kwiɓi, da suka a maƙogwaro. Ya ɗauki dabaru 68 da Chiba Shusaku, wani shahararren malami na ƙarshen zamanin Edo, ya lissafa, ya tace su zuwa 50. Abin da a da ake raɗa wa almajiri bayan ya yi rantsuwa, sai ga shi ana rubuta shi a allo. A 1911 Ma'aikatar Ilmi ta gyara dokokinta ta yarda a koyar da takobi da kokawa a makarantun sakandare a cikin darasin motsa jiki.

Kwamitin 1912

Da makarantu suka buɗe, buƙatar salo ɗaya na ƙasa ta zama tilas. Butokukai ta taɓa gwadawa a 1906 da salo uku, amma malamai da yawa suka ƙi karɓa domin suna ganin ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba. A wannan karon sai aka tara malamai 25 daga sassan ƙasar, aka ɗora nauyin rubutawa a kan mutum biyar: Negishi Shingoro, Tsuji Shinpei, Naito Takaharu, Monna Tadashi da Takano Sasaburo.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kowane malami ya zo da amanar magabatansa, kuma a wurinsa barin wata tsayuwa ko wani sara tamkar cewa ne malaminsa ya yi kuskure. Muhawara ta yi zafi ƙwarai, har ana ba da labarin cewa Takano yakan halarci zaman da wuƙa a ɓoye cikin rigarsa, alamar cewa ya ɗauki al'amarin a bakin ransa. A watan Oktoba na 1912 aka fitar da sakamako: salo goma, bakwai da dogon takobi, uku da gajere.

Bambancinsu da na 'yan sanda shi ne ba a jingina ko ɗaya ga wani gida ba. An gina su ne a matsayin darasi mai hawa-hawa. Mutum biyu ke yi, kuma babba shi ke ɗaukar matsayin mai kai hari wanda ake cin galaba a kansa, don ƙarami ya koyi amsa. A salo na farko, mai amsa yakan ja da baya sara ya wuce, sannan ya sari kai. A na biyu wuyan hannu yake sara. A na uku kuwa ba ya sara ko kaɗan: yakan kawar da suka, ya mayar da tasa, ya matsa gaba har tsinin takobinsa ya tsaya a tsakanin idanun abokin karawa, ya bar shi da ransa. An ƙara wa salon bayani a 1917 da 1933, amma ƙashin bayansu bai canza ba.

A 1913 aka ba Takano hanshi. A 1915 ya wallafa littafinsa mai suna Kendo, wanda ya zama madogarar malaman makaranta na tsawon shekaru. Sunan littafin ma ya riga hukuma, domin sai a 1919 Butokukai ta sauya sunan fasahar daga kenjutsu, dabarar takobi, zuwa kendo, tafarkin takobi, Ma'aikatar Ilmi kuma ta bi sahu a 1926. A 1918 ya kafa wata makaranta a unguwar Kanda ta Tokyo mai suna Shudogakuin don renon ƙwararru, inda ya ci gaba da koyar da tsoffin salon gidan Nakanishi. Ashe da rana yana gina tsarin ƙasa, a gefe guda yana riƙe da gadon kakansa.

Kowane allazi da nasa amanu

Mutanen zamanin sukan ce Naito ne a yamma, Takano a gabas. Ɗaliban Naito a Kyoto sun shahara da maimaita manyan sara na asali har jiki ya gaji, kuma malaminsu yana ƙyamar mayar da takobi abin neman maki. Ɗaliban Takano malaman makaranta ne, masu tsari da bayani. Saɓanin ya fito fili a 1929, da aka shirya gasa a gaban Sarki Hirohito don murnar hawansa gadon sarauta. Naito ya yi adawa da ita, yana ganin haɗa manyan malamai su yi takara zai lalata ruhin fasahar, kuma ya rasu a watan Afrilu, gab da gasar. A watan Mayu aka yi ta. Takano ya nuna salon ƙasa tare da Nakayama Hakudo, ya kuma yi alƙalanci. A wasan ƙarshe na ƙwararru Mochida Moriji ya doke Takano Shigeyoshi, almajirin da Takano ya ɗauka a matsayin ɗa.

Haɗarin da ya fi gasa girma yana tafe. Fasahar da ta rayu saboda gwamnati ta rungume ta, dole ta bi gwamnati duk inda ta nufa. A 1931, shekarar da sojojin Japan suka mamaye Manchuriya, aka wajabta kendo ko judo a kan ɗalibai maza na sakandare. A 1942 gwamnati ta karɓe Butokukai kai tsaye, Firaminista Tojo Hideki ya zama shugabanta, aka karkata horo zuwa shirin fagen daga. Tsarin jeri da aka ƙirƙira don malami ɗaya ya iya da aji guda, shi ne ya sauƙaƙa horar da dubban yara don yaƙi. Takano ya tsufa a lokacin, ragama kuma ta bar hannun malamai irinsa, amma hanyar da aka bi tasu ce.

Da Japan ta miƙa wuya a 1945, hukumomin mamaya ƙarƙashin Amurka suka ɗauki kendo a matsayin ɗaya daga cikin kayan aikin aƙidar soja. A watan Nuwamba na shekarar aka cire shi daga makarantu. A 1946 aka rushe Butokukai, daga bisani aka kori jami'anta fiye da dubu daga aikin gwamnati. Malaman da suka rayu da albashin makaranta da na 'yan sanda suka wayi gari kamar kakanninsu na 1876. A 1950 wasu, ƙarƙashin Sasamori Junzo, suka fito da wani sassauƙan wasa na gora mai laushi da tufafi irin na wasannin Turai, don a sami abin da hukuma za ta yarda da shi. A wannan hali Takano ya bar duniya.

Abin da ya bari

A watan Afrilu na 1952 mamaya ta ƙare, a watan Oktoba kuma aka kafa Tarayyar Kendo ta Japan. Waɗanda suka kafa ta sun koyi darasi: suka yi ta ƙungiyar farar hula mai rassa a jihohi, ba reshen wata ma'aikata ba. A 1956 ta karɓi iaido, fasahar zare takobi daga kube, da jodo, fasahar sanda. A 1969 ta fitar wa iaido salo na bai ɗaya ta hanyar kwamitin malaman gidaje daban-daban, kamar yadda aka yi a 1912. A 1970 aka kafa tarayyar kendo ta duniya. A yau ana hawa matakai ne da ake kira dan ta hanyar jarrabawa a gaban alƙalai, mafi girman da ake bayarwa shi ne na takwas, wanda ba a shiga jarrabawarsa sai an kai shekara 46 kuma an yi shekara goma a mataki na bakwai, waɗanda ke ci kuwa ba su cika wuce ɗaya cikin ɗari ba. Lambobin renshi, kyoshi da hanshi suna nan.

Tsoffin gidaje ma ba su mutu ba. Waɗanda suka tsira suna ci gaba ƙarƙashin shugabanninsu na gado, suna ba da ijaza yadda aka saba. Akwai ƙungiyoyi biyu da ke tara su don nunin shekara-shekara, ɗaya tun 1935, ɗaya kuma da ke da alaƙa da zauren Nippon Budokan na Tokyo, amma babu wadda ke da ikon gyara wa gida darasinsa ko tantance masa almajiri. Reshen Nakanishi ya ci gaba ta hannun ɗan Takano, Hiromasa.

Saboda haka Japan tana tafiya da tsari biyu a lokaci guda, na tarayya mai jarrabawa a fili da na gida mai salsala, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya yana riƙe da takardar dan ta tarayya da naɗaɗɗiyar takardar malaminsa. Takano ya rayu a cikin duka biyun. Duk wanda ya tsaya jarrabawar dan ta kendo a yau, a Tokyo ko a wata ƙasa, sai ya nuna wa alƙalai wani kaso na salon nan goma da shi da abokansa huɗu suka rubuta a 1912.